Me Ka Gani? Jinjina ga Kalilu Chainis

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, ko ana ruwa ko ana rana, za ka ji kukan ƙofar ƙarfen nan a lungun da ke bayan Tsohuwar Kasuwa. Malam Kalilu ne ya iso. Zai ɗauki tsintsiya ya share daga bakin shagonsa har gindin mangwaro, ya haɗa da ƙofar maƙwabcinsa Terungwa mai gyaran rediyo, wanda a iya sanina bai taɓa ce masa sannu a kan wannan sharar ba. Sai ya fito da benci biyu, dogo da gajere, gajeren kuma sai an tokare masa ƙafa da bulo. Ya goge gilashin talabijin da tsumma, ya karɓi shayinsa baƙi ba madara, sannan ya zauna ya kunna fim shi kaɗai kafin kasuwa ta cika.

Fim ɗin ba na Indiya ba ne, ba na Amurka ba, ba kuma namu na gida ba. Na ƙasar Sin ne, wanda mu a nan muke ce wa Chainis. Shekara talatin da ɗaya kenan yana wannan zama, har sunan ya manne masa. Ka shigo Lafia ka tambayi Kalilu ɗan Alhaji mai yadi, za a yi ta kallonka. Ka ce Kalilu Chainis, mai okada ba zai ƙara tambayarka komai ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a damanar bana idonsa ya tafi. Likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar ce ta mutu, kuma ba ta dawowa. Shi kuwa mutum ne mai doka ɗaya da bai taɓa karyawa ba: ba ya ba kowa fim ɗin da bai gani da idonsa ba. Saboda haka ya sanar cewa Asabar ɗin ƙarshen Agusta zai rufe shago ya mayar wa mai gida da makulli. Ina wurin ranar, kuma abin da na gani har yau in na tuna tsigar jikina tashi take yi. Amma bari in fara gaya muku ko wane ne shi, don ku san abin da muka kusa rasawa.

Mahaifinsa Bakano ne da fatauci ya kawo Lafia ya zauna. Kalilu a aji biyu na sakandare ya tsaya. Da kaset goma sha biyu da ya sayo a Jos ya buɗe shagon nan, da wani tsohon ƙamus na Turanci da bangonsa ya cire, wanda da shi ya koyi karanta rubutun fassarar da ke gudu a ƙasan allo. Kaset ya wuce, faifan sidi ya zo ya wuce, yanzu zamanin memori da waya ne. Shagunan tura fim sun cika gari, ka miƙa waya a zuba maka hamsin a tashi ɗaya. Shi kuwa fim ɗaya tak yake bayarwa. In ka yi ƙorafi ya ce, "Fim ba gyaɗa ba ce da za a auna maka da mudu."

Kuma ɗayan ma ba haka kawai ake samunsa ba. Sai ya dube ka ya tambaya, "Da wa za ka kalla?" In da yara ne, ya san abin da zai kauce wa. In da suruka ne, ya san wurin da za ku sunkuyar da kai ku duka, ya canza maka wani. Sai tambaya ta biyu: "Dariya kake nema, ko kuka, ko tunani?" Daga nan ya zaɓa. Yana miƙo maka zai faɗi sharaɗinsa, wanda duk Lafia ta haddace: "In ka gama, ka dawo ka faɗa mini abin da ka gani." Ba labarin fim ɗin yake so ba, wannan ya riga ka sani. Abin da kai ka gani yake nema. In ba ka dawo ba, to, babu na biyu, ko kai wane ne.

Wani attajiri ya taɓa turo direbansa sau biyu. A karo na uku Malam Kalilu ya ce da direban, "Ka gaishe da Alhaji, ka ce ina jiran labarin na baya." Direban ya ce, "Malam, ka san ko wane ne kuwa?" Ya ce, "Na sani mana. Ai shi ya sa nake son jin abin da idon mai kuɗi yake gani." Wallahi bayan kwana biyu sai ga mota a bakin lungu, Alhaji ya tattara babbar riga ya zauna a gajeren bencin nan mai bulo.

Yadda yake kallon nasa fim ɗin ma abin kallo ne. Kowane fim sau biyu yake yi masa. Na farko da rubutun fassara, yana tsayarwa yana duba ƙamus. Na biyu sai ya ɗauko wani dogon gutsuren kwali ya jingina a ƙasan allo ya rufe rubutun ruf. Na taɓa ce masa, "Malam, wannan kuma wace irin wahalar da kai ce? Ba jin yarensu kake yi ba." Ya ce, "Ticha, rubutu yana sace ido. Kana ƙasa kana karatu, mutum yana sama yana mutuwa a fuska ba ka gani ba." A zagaye na biyun nan yake kallon hannu da kafaɗa da yadda aka ajiye kofi, yana sauraron numfashi da takun ƙafa. Harshen kam ba ya ji, sai 'yan kalmomi irin su na gode da yi haƙuri da zo ka ci abinci. Amma kafin mutum ya gama jimla ɗaya zai gaya maka wannan Mandarin yake yi, wancan kuma Kantonis ta mutanen Hong Kong.

Ni kaina da faɗa na fara zuwa wurinsa, bari in tona wa kaina asiri. Malamin makaranta ne ni, mai ji da 'yar takardarsa, kuma a lokacin a wurina fim ɗin Chainis duka ne da tashi sama da ihu, shi ke nan. Ɗalibaina sun ishe ni da harbin juna da ƙafa a lokacin tara, na taho a fusace in gaya wa mai lalata mana yara magana. Ya bar ni na zazzage tas. Sannan ya ce, "Ka gama, Ticha? Riƙe wannan. In ka ga an mari ko mutum ɗaya a ciki, ka dawo ka ƙona shagon."

Ba a mari kowa ba. Wa da ƙane ne a wani ƙauye, da bishiya ɗaya a kan iyakar gonarsu, kowa ya ce tasa ce. Suka tsufa ba sa gaisawa, 'ya'yan itacen suna zuba suna ruɓewa don kowa ya ƙi tsinka kada a ce ya roƙa. A lokacin shekarata uku ba na shiga gidan yayana Sadisu saboda katangar gidan gado. Na gama fim ɗin na rasa inda zan sa kaina. Washegari na je na gaida yayana, daga can na wuce shago na ce, "Malam Kalilu, wa ya gaya maka?" Ya ci gaba da goge faifansa ya ce, "Lafia ƙaramin gari ne, Ticha. Zauna. Me ka gani?"

Tun daga ranar na zama ɗan benci. Zaman Asabar ake yi, daga azahar zuwa gab da magariba. Na tambaye shi dalilin zaɓen Asabar, ya ce, "Juma'a tamu, Lahadi tasu, Asabar ta kowa." Haka kuwa abin yake. Tibi da Alago da Eggon da Bahaushe a kan katako ɗaya, ana musu da Hausar kasuwa a kan wani sarkin da ya mutu a can ƙarshen duniya, har jijiyar wuya ta tashi. A nan na koyi cewa Chainis ba abu ɗaya ba ne. Akwai na kunfu, akwai na masu takobi da ke yawo daga gari zuwa gari, akwai na gidan sarauta mai kashi sittin, akwai na 'yan sanda da 'yan daba a birni, akwai kuma na ƙauye mai tafiyar hawainiya wanda shi ya fi ƙauna. Baƙo, in ji shi, ba a fara masa da gidan sarauta, sunaye za su rikita shi ya gudu. A fara masa da abin da ya sani: uwa, tukunya, gona, ɗan da ya tafi birni. Ba ya ƙin fassarar Hausa da ake ɗora wa fina-finai yanzu, yana ma dariyarta. Abin da ke ɓata masa rai shi ne mai fassara ya cika wurin da aka yi shiru da barkwanci. Ya kan ce mutanen nan sun fi yin magana a lokacin da suka rufe baki.

Cikin 'yan benci babu kamar Tavershima, tsohon direban babbar mota da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗauko doya daga Assakio. Shi ne ya yi kuskuren da har yau ake tsokanarsa da shi. Zamanin kaset ne, hoton dishi-dishi, shi kuma ba ya bin rubutu. Ya dawo da kaset yana washe baki ya ce, "Malam, wannan fim ƙarshensa ya yi daɗi! An yi biki, kowa da fararen kaya, ga masu busa, ga babban akwatin kayan amarya mutum takwas sun ɗauka. Har madam na kira muka taka rawa."

Malam Kalilu ya ce, "Direba, amaryar ka gan ta?"

Tavershima ya ce, "Ban gan ta ba fa."

"Ba za ka gan ta ba. Jana'iza kuka yi wa rawa kai da madam."

Benci ya kwashe da dariya har wani ya faɗo. Amma Malam Kalilu bai bar shi cikin kunya ba. Ya bayyana mana cewa a tsohuwar al'adarsu fari na makoki ne, ja kuma na aure, ya mayar masa da kaset ɗin ya ce ya sake kallo. Da Tavershima ya dawo karo na biyu babu dariya a fuskarsa. Ya ce, "Na ga yaron da ke gaba, mai farin ƙyalle a kai. Yana tafiya yana waiwaye kamar uban zai taso. Haka na yi ranar da muka kai nawa uban." Wannan shi ne irin abin da Malam Kalilu ke nufi da gani.

Sai kuma Iveren, da muke kira Maman Wandoo, mai sayar da lemo a bakin lungu. Da mijinta ya rasu, mace ta ƙi kuka. An yi jana'iza, an watse, ta dawo kan tirenta fuska kamar dutse, tana ramewa muna kallo. Ba ta taɓa neman fim ba. Malam Kalilu ne ya taka har wurin tiren ya ce, "Maman Wandoo, kawo wayarki." Ya tura mata fim ɗaya. Bayan kwana uku ta shigo shago kamar za ta ci shi ɗanye. "Malam, kai mugu ne! Wallahi kai mugu ne!" Sai ta zube a benci ta fashe da kukan da ta riƙe wata huɗu. Ya bar ta ta yi mai isarta, ya hana kowa ba ta haƙuri. Da ta lafa ya ce a hankali, "Me kika gani?" Ta ce, "Kwano na gani. Matan nan ya zuba abinci kwano biyu, ya manta miji ba ya nan. Sai ya cinye duka biyu don kada yara su gane. Malam, ni ma sakwaran mutum biyu nake dakawa har yau."

Kai ne wannan, Malam Kalilu. Kai ne likitan da ba ya riƙe allura, ɗan Kano na mutanen Lafia. Kai ne ka ɗauko mutanen da ba mu taɓa gani ba, masu cin abinci da tsinke, ka zaunar da su a tsakar gidajenmu har muka gane kukansu irin namu ne. Ba ka taɓa hawa jirgi ba, iyakarka Kano da Jos, amma ka kai mai lemo da direban doya inda masu fasfo ba su je ba. Ban san wani malami a garin nan da ya koya wa mutane sauraron juna kamar yadda ka yi da talabijin ɗaya da benci biyu ba, kuma ni malami ne, da ciwo nake faɗar haka.

Maganar idon a hankali ta zo. Mun lura kujerarsa tana matsawa kusa da allo, wata bayan wata, har gwiwarsa tana taɓa teburi. Muka yi ta tsokanarsa cewa so yake ya shiga ciki. Ran nan Tavershima ya shigo da safe ya tarar da shi ya jingina kwalin nan a tsakiyar allo, ya rufe fuskokin mutane ya bar rubutu a buɗe, kuma bai sani ba. Tavershima ya fito ya same ni idonsa jajur. Mutmainna, matar Malam Kalilu, ce ta gaya mana sauran: ya daɗe yana ƙirga taku daga gida zuwa shago, kuma ya hana ta faɗa.

Mun roƙe shi iya roƙo. Na ce, "Malam, fina-finai nawa ne a kanka? Sun fi dubu. Ka ci gaba da bayar da su mana." Ya ce, "In zama mai sayar da tuwon jiya? Mutanen can ba su daina yin fim don Kalilu ya makance ba. Gobe wani zai zo ya ce ya ji labarin sabo, in ce masa me?" Na ce to mu kalla mu ba shi labari. Ya girgiza kai. "Gani ya kori ji, Ticha. Shekara talatin da ɗaya ban ce wa mutum abu yana da kyau alhali ban gani ba. Ba zan fara da furfura ba." Na ji haushinsa ranar, ba zan ɓoye ba. Taurin kai ne da shi kamar jakin da ya ga rafi.

Asabar ɗin ta zo. Mutum wajen arba'in, benci bai isa ba, wasu a kan bulo, wasu a tsaye jikin mangwaro. Terungwa mai rediyo kaɗai ne bai taso ba, yana ƙofar shagonsa ya duƙufa a kan aiki. Shi dama bai taɓa karɓar fim ba, ya ce ɓata lokaci ne, kuma tun da ya kori ɗansa daga gida shekara bakwai da suka wuce ba ya shiga taro. Malam Kalilu ya iso cikin farin kaftani, Mutmainna tana riƙe da hannunsa. Tavershima ya ce, "Fararen kaya, Malam? Yau kam na gane, ba zan yi rawa ba." Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya lalubi teburi ya ajiye kwaɗon shago da makulli a kai, ya fara godiya.

Bai yi nisa ba Maman Wandoo ta miƙe ta katse shi. Ta kwance bakin zane ta fito da memori. Ta ce 'yarta Wandoo ce ta aiko daga Abuja, sabon fim ne, ba wanda ya taɓa gani a cikinmu. "A saka shi."

"Maman Wandoo, me zan yi da shi?"

"Ka zauna ka ji. Shekara nawa kana sa mu dawo mu faɗa maka abin da muka gani? Ka sha mana kai, ka sha mana kai, yanzu da mun iya sai ka ce za ka tafi? Babu inda za ka, Malam. Zauna!"

Ikon Allah, ya zauna. Aka ba ni aikin karanta rubutun ina mayarwa Hausa. Ya sunkuyar da kai, ya juya kunne wajen talabijin, abin da kawai ya ce mini shi ne, "Ticha, in sun yi shiru kai ma ka yi shiru."

Labarin wani tsoho ne mai gyaran keke a wani ƙaramin gari, da 'yarsa tilo. Suka yi kaca-kaca a kan aikin da take so ta tafi yi a birni, ya ce in ta fita kada ta dawo, ta ɗauki jaka ta fita. Shekara goma sha biyu ba wasiƙa, ba waya. A ƙarshe ta dawo, ta shigo tsakar gida ta tsaya. Tsohon ya ɗago ya dube ta ya ce, "Akwai shinkafa a tukunya." Ya mayar da kai kan aikinsa. Fim ya ƙare.

Nan fa musu ya kaure. Maman Wandoo ta ce wannan tsoho ba shi da zuciya, shekara goma sha biyu ko tashi bai yi ba. Tavershima ya ce girman uba ne, bai yafe ba amma ba zai hana ta abinci ba. Ni kuma na gyara murya irin ta masu takarda na ce mai shirya fim ɗin da gangan ya bar maganar a buɗe, ba wanda zai iya sanin ko an yafe. Kowa ya kawo tasa. Malam Kalilu ya bar mu muka yi ta yi har muka gaji.

Sannan ya ce, "Kun gama? To, ina sakata?"

Muka dubi juna.

"A farkon fim, kafin yarinyar ta tafi, sau uku ana rufe ƙofar gida, sau uku na ji ya zura sakata. Ƙarfe ne, yana da 'yar tsatsa, sai ya ja da ƙarfi take shiga. Tun da ta fita na ƙirga an rufe ƙofar nan sau tara. Ban ƙara jin sakata ba ko sau ɗaya. Kuma da ta dawo, wa ya ji ta ƙwanƙwasa? Turawa kawai ta yi."

Na mayar da fim ɗin baya. Wallahi tallahi haka ne. Ba a taɓa nuna sakatar ba, duk lokacin da ake rufe ƙofa hoton yana kan fitila ko kan keken da ke jingine. Amma ga ƙarar nan a farko, ƙarau, sau uku. Bayan tafiyarta kuwa sai kukan katako kawai. Shekara goma sha biyu tsohon nan yana kwana ƙofa a sake. Ido tamanin a gindin mangwaron nan, ba wanda ya gani, sai mutumin da ba ya ganin tafin hannunsa. Ni dai na tsinci kaina ina salati.

Tavershima ne ya fara magana. "To, Malam, ina gani ya kori jin naka?"

Malam Kalilu ya juya inda yake jin shesshekar Maman Wandoo ya ce, "A sake sa ƙarshen. Maman Wandoo, bar rubutu, ki duba mini fuskarsa lokacin da ya ce akwai shinkafa." Aka sa. Ta share ido ta ƙura wa allo. Ta ce, "Bakinsa yana rawa, Malam. Kuma sifana da ke hannunsa, a juye ya riƙe. Yana ta murɗawa ba abin da yake kamawa." Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Yauwa. Yanzu na gan shi." Sai ya miƙa hannu ya lalubi kwaɗon nan da makulli ya zura a aljihun kaftani. Mata suka rangaɗa guɗa, Tavershima kuwa ya karya alƙawari ya taka rawa.

Da jama'a suka ragu ya ce in kama hannunsa. Na ɗauka gida za mu, sai ya ja ni taku shida zuwa ƙofar mai rediyo. Ya miƙa memorin saitin inda yake jin motsi ya ce, ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji sai mu uku, "Terungwa, wannan ban gan shi da idona ba, gaskiya nake gaya maka. Na ji shi, an kuma gane mini. Ka kalla kai kaɗai. In ka gama ka dawo ka faɗa mini." Terungwa ya daɗe yana kallon hannun nan a miƙe. Sannan ya goge nasa a jikin wando ya karɓa.

Yanzu haka tsarin yake. Duk sabon fim, mutum uku ne ke zama da shi, ɗaya na karanta rubutu, biyu na duba masa fuska da hannu, shi yana sauraro. Kuma duk wanda zai ba, sai ya fara gaya masa gaskiya cewa da kunne ya kalla da idon aro.

Malam Kalilu, mun gode. Na gode a madadin yayana Sadisu da katangar da muka rushe, a madadin Maman Wandoo da ta koma daka sakwarar mutum ɗaya, da duk wanda ya taɓa zama a bencin nan ya buɗe baki aka saurare shi. Allah ya saka maka da alheri, ya sa abin da ka rasa ya zama kaffara, ya bar mana kunnen nan naka. Ku kuma masu karatu, ban ce kowa ya buɗe shagon fim ba. Amma kowa yana da abin da yake miƙa wa mutane, ko magani ne, ko darasi, ko shawara. Kada ka miƙa abin da ba ka duba ba. Ka san wanda kake ba wa. In ya dawo kuma, ka ajiye abin da ke hannunka ka tambaye shi abin da ya gani.

Ranar Litinin da ta biyo bayan Asabar ɗin nan na bi ta lungun da sassafe. Bakwai da rabi ba ta yi ba, Malam Kalilu bai iso ba. Amma an riga an share daga ƙofar mai rediyo har gindin mangwaro, an haɗa da ƙofar shagon fim. Terungwa yana zaune a kan bulon da ake tokare benci da shi, tsintsiya a gefensa, memori a hannunsa, yana jiran a buɗe.